Rishon Baƙin Mai da Murhun Inna

Ranar sallar layya da ta wuce ina kishingiɗe a zaure, kuna zaton barci nake, na ji Zali tana ce wa ƙannenta wai taurin kai ne ya kashe kakarku, wai kuma ni da na ƙera wa rabin garin Gaya risho na bar uwata tana shaƙar hayaƙi har ta koma ga Allah. Ban tanka ba, don nama na kan wuta, kuma ba a ɓata ranar salla da tsohuwar magana. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ke Zali, lokacin da ta rasu kina goye, sauran kuwa ko labarinku babu, saboda haka ban ga laifinku ba, abin da kuka tsinta a bakin mutane kuka maimaita. To ga shi daga bakin mai shi. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa wadda ke kabari hukunci.

A wancan lokaci rumfata ta walda tana bakin hanyar da ta gangara gadar kan iyaka, inda kamiyoyin Kwatano, manyan motocin kayan nan, suke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su. Direba in ya gaji da jira sai ya tuna motarsa na son juye, a zuba mata sabon mai nan gefen hanya, a tuttular da tsohon a kwata. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Ni kuwa Allah ya yi ni da wata cuta tun ina yaro, ba na iya ganin abu in wuce ban nemi dalilinsa ba. Na kwance agogon mahaifina, na kwance rediyon maƙwabcinmu, na sha duka a kan kowanne, ban daddara ba. Kullum in na ga baƙin man nan yana malala sai in ce a raina, mai dai mai ne. Tsumman da ya jiƙe da shi in ya kama wuta sai an yi da gaske ake kashe shi. To me ya hana a dafa abinci da shi? Na daɗe ina juya tambayar, ba ni da dalilin zama a kanta, sai da ciwon Inna ya ba ni.

Inna, wato mahaifiyata, na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke kusa da Tunuga bayan rasuwar mahaifina. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Mai Ƙarfe take ce mini, shi ma sai in ya zama dole. Da ta zo ta bar wa uwarku Rabi girkin rana da na dare, amma ta riƙe wutar asuba. Ita ke dafa ruwan alwala, ita ke dama kunun gida a wata ƙatuwar tukunya da ta zo da ita. Madafarta ɗan ɗaki ne marar taga, bangonsa ya yi baƙi har yana ƙyalli, duwatsu uku a tsakiya. Wutarta ce ke fara tashi a layinmu duka, saboda haka matan maƙwabta can suke zuwa ɗiban wuta, kowace da ɗan kaskonta ko murfin tsohon kwano. Ina gamuwa da su a zaure in na dawo masallaci, mu gaisa in wuce. Ashana ga ta nan a teburin kowane mai tireda, ni dai na ɗauki abin a matsayin tsumulmular mata, ban ƙara tunani a kai ba.

Tari ya fara mata kamar wasa, ta ce sanyin gulbi ne. Ta sha sassaƙe, ta sha zuma da citta, bai tafi ba. Ya kai in ta fara sai ta dafa bango, idanunta su yi ja, mu tsaya cirko-cirko muna mata sannu. Da ƙyar na shawo kanta muka je likita. Lokotoron, wato likitan da ya duba ta, ya daɗe yana sauraren bayanta, sannan ya juyo gare ni.

"Tsohuwar ga tana shan taba?"

Inna ta ce, "A'uzubillahi! Mi yac ce?"

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri, sannan ya ja ni waje, dariyar ta ɗauke.

"Huhunta kamar na wanda ya tashi da taba tun ƙuruciya. Hayaƙin itace ne. In ta rabu da shi kwata-kwata za ta ja kwana da yardar Allah. In ba ta rabu da shi ba, ku riƙa shiri."

Na ji tsoro ranar, tsoron da ban taɓa ji ba, har na kasa taka kekena sai tura shi na yi. Da muka iso gida uwarku ta ce za ta karɓi wutar asuba. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Ɗiyata, Allah shi yi maki albarka, amma ni ba gawa ba ce. Ranar da na kasa dama kunu ku kira masu wanka."

Na kawo tulun gaz, ta ce wannan abu mai huci ba ya kwana gida ɗaya da ita. Na kawo rishon kananzir mai lagwani, aka ɗora tukunyarta, har hantsi ya dubi ludayi ruwa bai tafasa ba. Ta tura mini shi gefe da ƙafa. A nan ne na koma kan tsohuwar tambayata.

Da lagwani na fara, don shi na sani. Man ya yi kauri, ba ya hawa zaren, in ma ya hau kaɗan sai ya daskare ya toshe. Na zuba shi a buɗaɗɗen kwano na kunna, ya ci da wata jar wuta mai baƙin hayaƙi da ya fi na itace muni sau goma. Masu gyaran taya da ke maƙwabtaka da ni suka yi ƙaura zuwa ƙarƙashin dogon yaro suna zagina da wasa. In na koma gida uwarku sai ta tare ni a zaure da bokitin ruwa da sabulu, ta ce kunkunniyar da ke jikina ba za ta shiga ɗakinta ba. Ina cikin wannan rannan na gama waldar wani ƙarfe, yana nan ja jawur a ƙasa, sai ɗigon mai ya faɗo masa daga hannuna. Ya yi fuu, ya zama tururi, tururin ya kama da wata wuta fara tas, babu hayaƙi. Na tsuguna na sake ɗiga masa. Na yi ta ɗigawa har ƙarfen ya huce, wutar ta koma ja. Ashe ba man ke ci ba, tururinsa ke ci. Mai yana son ya faɗa kan abu mai zafi, ɗigo bayan ɗigo, kada a yi masa ambaliya. Na daɗe a duniya ina wasa da wuta ban san wannan ba, kuma daɗin da na ji da na gane ba ya faɗuwa.

Na samo ƙarfen birkin kamiyo, irin mai zurfin nan kamar akushi, shi ya zama kaskon da man zai faɗa. Na rataye ɗan bido, wato jarka, a bango, na jawo siririn bututu daga gare shi, na sa kan famfo a tsakiya don a rage ɗigon ko a ƙara. Saura iska. Kowa ya taɓa zama maƙera ya san in aka taɓa zugazugi wuta canza launi take, to amma wa zai zauna yana yi wa Inna zuga da asuba? Fanka kuwa tana son kuran, wato wutar lantarki, kuran ɗinmu kun san halinsa. Abin da ya fisshe ni shi ne dogon bututun hayaƙi. Na lura in ya yi zafi shi da kansa yake zuƙo iska ta ƙasa, gwargwadon tsawonsa gwargwadon zuƙarsa. Sai na tsayar da wani guntun bututu a tsakiyar kaskon na huda shi, iskar ta riƙa fitowa ta hudojin tana gamuwa da tururi. Nan na ɓata makonni, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin lokacin don jin daɗina ne. Manyan hudoji kaɗan, wuta ta yi ja. Ƙanana da yawa, ta fara haske. Da na karkata hudojin gefe guda sai wutar ta riƙa juyawa kamar ruwa a bakin mazurari, ta zama shuɗiya. Na zauna ina kallonta har mai kamiyon da ke jiran in like masa tanki ya yi fushi ya tafi wani wuri. Wata rana kuma ta yi mini tartsatsi ta ƙone mini gira, na bincika na gano ruwa ne a cikin man. Daga nan na koyi barinsa ya kwanta a tano, wato duro, in ɗebi na sama, in tace da tsohon zane.

Uwarku na fara kai wa ta gwada. Ta ɗora tuwo, ta sa muciya, juyi na farko tukunya ta zame saura kaɗan talge ya kwaranye mata a ƙafa.

"Malam, kai ka taɓa tuƙa tuwo?"

"Ban taɓa ba."

"Na gani."

Na koma na yi wa tukunya gurbi inda gindinta zai nutse ya zauna daram, na rufe gefe da gefe don duk abin da wutar ta fitar ya bi bututu ya fice ta saman rufi. Sannan na shiga madafar Inna na kwashe duwatsu ukun na ajiye bayan ɗaki, na shafe bangon da farar ƙasa, na kafa risho. Ta zo tana dogara sanda, ta kewaya shi, ta leƙa ƙasa, ta leƙa sama.

"Mai Ƙarfe, ta ina aka iza ta?"

"Ba a iza ta, Inna. Murɗawa aka yi."

Ta ce, "Allah shi yi albarka."

Masu cewa ƙauyanci ne ya hana ta karɓar risho, su saurara. Kafin mako ya zagayo Inna ta fi ni iya rishon nan. Ta san yadda ake ɗumama kaskon da ɗan tsumma kafin a saki mai, tana jin ƙarar wutar kawai ta san ɗigo ya yi yawa. Tari ya lafa, ta fara yin barci mai kyau, jan idon ya washe. Labari ya bazu, masu tuwon tasha da masu suyar kifi na bakin gulbi suka yi ta zuwa rumfata a ƙera musu. Na yi ta cika baki a majalisa cewa abin da itace ke yi a wuni rishona kafin ka ƙifta ido ya gama. Kaina ya yi girma ƙwarai a watannin nan.

Sai dai Inna ta fara dusashewa ta wata hanya. Ta rage magana, ta rage ci. In ta gama kunu sai ta koma ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ita da a da sai an roƙe ta take zama. Na tambaye ta, ta ce lafiya lau. Ni kuma da yake maƙeri ne sai na tuhumi ƙarfe. Na shinshina madafar ko akwai wari, na ɗanɗana kunun ko mai ya taɓa shi, na ƙara wa bututu tsawo. Uwarku tana kallona ina hawa rufi ina sauka, rannan ta gaji.

"Malam, bar wahal da kanka. Gobe in ka dawo masallaci kada ka tahi rumfa. Zamna tsakar gida ka gani da idonka."

Na zauna bakin rijiya kamar mai gyaran guga. Inna ta kunna, wuta ta tashi shuɗiya gwanin sha'awa. Can sai ga Iya Kande, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, ƙawar Inna tun zuwanta garin, da ɗan kaskonta a hannu. Ta yi sallama, suka gaisa, ta sunkuya ta leƙa rishon ta daɗe.

"Ta Tunuga, wagga wuta taki har yau ba ta yi ɗiya ba?"

Inna ta ce, "Ba ta haihuwa, Kande."

Iya Kande ta tsaya jim a tsaye, ta juya kaskon a hannunta, ta ce bari ta leƙa gidan Hajo kada jikoki su tashi ba ta ɗora komai ba. Ta fita. Bayanta ba wadda ta ƙara shigowa. Gidan Hajo yana can ƙarshen layi, bayan kwata, nan mata suka koma ɗiban wuta, Inna kuwa gwiwoyinta ba sa kai ta can. Ta zauna ita kaɗai gaban wutar tana juya ludayi. Sai a ranar na lura rishona ba ya yin garwashi, ni da na ƙera shi.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na yanka gefen rishon na yi masa aljihu na ƙarfe dab da harshen wutar, a zuba gawayi a tura, ya kama, a jawo. Na sayo buhun gawayi na jingine, uwarku ta kai labari gida-gida. Washegari mata suka dawo, na sake zama bakin rijiya ina murna. Mace ta shigo, ta gaida Inna, a jawo aljihu ga garwashi jawur, a zuba mata, ta yi godiya ta fita. Ta biyu haka, ta uku haka. Ko zama ba wadda ta yi. Kafin gari ya gama wayewa an sallami kowa, Inna ta koma ɗaki. Abin ya ɗaure mini kai, na sami uwarku tana shara.

"Rabi, ga wuta sun samu. Mi ya hana su zama?"

Ta jingine tsintsiya tana dariya.

"Kai kana zaton wuta suka zo nema? Itace sai ya ci ya faɗi kahin shi yi garwashi. Da gangan suke zuwa tun bai faɗi ba, su zamna jira. Wagga ta iza, wagga ta hura, ana hira. Macen aure ba ta fita da sassahe ta ce za ta hira, amma wa ka hana ta ɗiban wuta? In ta daɗe ta ce icen Inna ɗanye ne."

Na yi shekaru ina ratsa matan nan a zaurena ban san abin da ke kawo su ba. Mamaki ya kama ni, har da wani irin daɗi, irin wanda na ji ranar da ɗigon mai ya faɗa kan jan ƙarfe. Na ce to ai jira ma ana ƙera shi. Na cire aljihun na mayar da shi can ƙasa nesa da wuta, na rage masa iska, yadda gawayi zai daɗe bai kama ba. Uwarku ta ce tunda take ba ta taɓa ganin maƙerin da ya yi gumi don ya lalata aikinsa ba. Ya yi aiki kwana biyu. Rana ta uku wata ƙaramar amarya ta koma gida a makare ta ce wuta ce ba ta kama ba, uwar mijinta ta ce, wace wutar, ta rishon da mai shi ke cewa kafin ka ƙifta ido? Maganar ta zagaya layi. Bakina ya riga ya kashe musu hujja tun a majalisa. Ga kuma kunya, garwashin itace ragowar wuta ne, kowa na iya roƙa, amma gawayin da aka sayo musamman aka jingine, ɗibansa kullum nauyi ne. Ɗaya bayan ɗaya suka koma gidan Hajo.

Na ce wa Inna ai ba a yanke ta daga mutane ba, ana zuwa gaishe ta ranar Juma'a, kuma duk abin da ya faru Rabi na gaya mata.

Ta ce, "Mutuwa da haihuwa ana aiko mani. Wa za shi aiko shi ce mani jikan Kande ya hudo haƙori?"

Na bar maganar ina cewa a raina za ta saba, tunda dai numfashinta ya dawo.

Damina ta sauka. Wata asuba bayan an kwana ana ruwa na dawo masallaci na tarar madafa shiru, ba a kunna risho ba, ɗakin Inna a buɗe babu kowa, sandarta ba ta nan. Na tada uwarku, muka duba bayan gida, muka leƙa rijiya. Na fita layi. Can wajen kwata na hango ta zaune a taɓo ta jingina da katangar wani gida, zanenta ya jiƙe sharkaf, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Santsi ne ya kwashe ta, ta kasa tashi. A cinyarta akwai ɗan kasko, ta riƙe shi da hannu biyu bai fashe ba. Gidan Hajo ta nufa ɗiban wuta, ita da ke da wutar da ta fi ta kowa a garin. Na tsuguna na goya ta, ba ta fi nauyin yarinya ba. Ina tafe ina hawaye har muka shiga gida.

Bayan uwarku ta gasa mata jiki ta canza mata kaya, ta aika a kira ni. Ta kawar da kai gefe kamar yadda ta saba in za ta yi mini magana.

"Mai Ƙarfe, ka yi ƙoƙari, ban raina ba. Abin naka yana da kyau. Amma ina roƙonka ka maido mani duwatsuna."

"Inna, lokotoro ya ce..."

"Na san abin da yac ce. Roƙonka nike."

Ba ta taɓa roƙona komai ba, ko goro. Na tafi rumfa na kasa aiki, na wuni ina auna abin. In na ƙi, kwananta zai yi tsawo, a ɗaki, fuska ga bango, ko kuma wata asubar in tsince ta a kwata ba rai. In na yarda, na san abin da na sa hannu a kai, an gaya mini ɓaro-ɓaro. Na nemi hanya ta uku irin ta maƙera, na zana a ƙasa na goge, ban samu ba. Ba wanda ya tilasta ni, kuma kada ku ɗora wa uwarku, ita cewa ta yi in ƙara haƙuri ko Inna za ta sauko. Ni na yanke. Da la'asar na je bayan ɗaki na ɗauko duwatsun. Abin da na iya shi ne na fitar da murhun daga tsohuwar madafa zuwa ƙarƙashin rumfa a tsakar gida inda iska ke ratsawa, na yi masa hular kwano da bututu a sama, na riƙa neman busasshen itace ko daga ina ne. Ya rage, amma mai hura wuta da baki dole fuskarta ta shiga hayaƙi, wannan ba dabarar da ke hana shi.

Ba a aika wa kowa ba. Hayaƙi ya tashi daga gidanmu da asuba, shi ke nan. Na dawo masallaci na tarar Iya Kande ta riga ta baje a kan tabarma tana iza itace, tana faɗa wai icen ɗanye ne alhali ni na san ya bushe ƙayau. Kafin mako gidan ya cika kamar da. Na sha laɓewa bakin rijiya ina saurare, don son sanina bai bar ni ba. Ba wata babbar magana suke yi ba, farashin kifi, wadda ta yi mafarki, akuyar da ta shiga gonar shinkafar wani. Inna tana tsakiya tana yanke hukunci, tana dariya, dariyar ta koma tari, a miƙa mata ruwa, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta koma cin abinci. Tarin kuwa ya dawo kafin kaka, kuma duk lokacin da na ji shi daga ɗakina sai in ji kamar ƙirjina ake tsagawa. Na koma wurin lokotoro karɓo magani, ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya. Ya dube ni ya girgiza kai ya rubuta takarda ya miƙo mini.

Damina biyu ta ƙara gani. A ciwonta na ƙarshe numfashi ya yi mata wuya har ba ta iya kwanciya, sai a jingine ta da matasai. Wata rana da hantsi, mata sun watse, uwarku na tsakar gida da Zali a baya tana dama kunun da Inna ta kasa, hayaƙi na shiga idonta tana sharewa da gefen zane. Inna ta daɗe tana kallonta ta ƙofa, sannan ta yafito ni da hannu.

"Mai Ƙarfe, abin nan naka yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Ranar da na tahi ka kwashe duwatsun ga, ka kai su gulbi. Kada ɗiyar mutane ta gaje su. Ita da sauran kwana gabanta, ga goyo."

Na ce, "Inna, ashe kin yarda hayaƙin ne?"

Ta yi ɗan murmushi, ta ja numfashi da ƙyar.

"Ƙirjina ne ko naka? Tun kahin lokotoronka na sani."

Ta rasu ranar wata Laraba da safe, ɗakin cike da mata har wasu na tsaye a waje. Bayan sadakar arba'in na ɗora duwatsun a kan kekena na tura zuwa bakin gulbi. Iya Kande tana ƙofar gidanta ta ga na wuce da su, ta rufe fuska da mayafi ta shiga ciki.